Nazarin lamari: yadda kusurwoyi da ƙofa suka yanke fasalin shimfiɗar ƙaramin jirgin ƙasa a ɗaki ɗaya

Ɗakin da ake magana a kansa tsawonsa mita 4.20 ne, faɗinsa mita 3.30. Dogayen bangayen su ne na arewa da na kudu. Ƙofa tana bangon kudu, dab da kusurwar yamma: tana farawa santimita 15 daga kusurwar, faɗinta santimita 80, ciki take buɗewa, ta kwanta jikin bangon yamma. Taga ɗaya ce, a bangon gabas, bakinta na ƙasa yana santimita 95 daga daɓe.

Mai ɗakin yana son shimfiɗar ƙaramin jirgin ƙasa a ma'aunin HO, wato kashi 1 cikin 87 na jirgin gaskiya, inda tazarar ƙarafan layi biyu take milimita 16.5. Yana son ta zama sassa masu haɗewa da rabuwa, don ya iya kwance ta in tashi ya kama shi. Yana son ya riƙa ɗaukar tasharsa zuwa taron masu wannan sha'awa a jona ta da sassan wasu. Yana kuma son jirgi ya yi ta kewaye ba tsayawa. Buƙatu uku ke nan, kuma ɗakin bai ɗauke su duka yadda aka zata da farko ba. Daga nan zuwa ƙasa, duk lambar da ba a faɗi ma'auninta ba santimita ce.

Lambobin da aka fara tsayarwa

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da tambayar girman katako. Katako shi ne na ƙarshe. Abin da ke yanke komai shi ne tsawon jirgi, da faɗin lanƙwasa, da wurin da jikin mutum ke buƙata.

Tsawon jirgi an auna shi da tef, tarago a jone da tarago. Kan jirgin 23 ne. Dogon taragon fasinja irin na Turai, mai mita 26.4 a gaskiya, yana zama milimita 303 a HO. Huɗu daga cikinsu da kan jirgi sun kai kusan 145. Taragun kaya takwas masu 16 kowanne da kan jirgi sun kai 151. Sai aka ce jirgin tsari 150 ne.

Lanƙwasa ana auna ta da rediyos, wato nisan da ke tsakanin tsakiyar da'ira da tsakiyar layi. Layukan da ake sayarwa a lanƙwashe suna farawa daga wajen 36 a wasu kamfanoni, wasu kuma daga inci 18, wato kusan 46. Dogon tarago zai iya bin waɗannan, amma da muni: cikinsa ya rataya a gefe ɗaya, ƙarshensa ya leƙo a ɗaya gefen, tsakanin tarago da tarago ya wangale. An tsayar da 60 a matsayin mafi ƙanƙanta, da fatan a samu fiye.

Jikin mutum kuwa ba ya raguwa da kashi 87. Hanyar wucewa tana son 75 ga mutum ɗaya, 90 in biyu za su gifta juna. Hannu yana kai wa 60 zuwa 70 a kan teburi mai tsayin ƙugu, amma da zarar an ɗaga shimfiɗa zuwa ƙirji sai ya ragu zuwa wajen 50, domin mutum ba ya iya ranƙwafawa, gwiwar hannu kuma tana karya abin da ke gaba.

Lamba ta huɗu daga waɗannan take fitowa, ita ce tsawon tasha. Tashar da jirage biyu za su gifta juna tana da babban layi da layin ratsewa, da mararraba, wato inda layi ɗaya ke rabuwa biyu, a kowane ƙarshe. Mararraba mai lamba 6 tana buɗewa milimita 1 a kowane milimita 6 na tafiya. Jikinta kusan 23 ne, amma ba nan take ƙarewa ba: kafin layukan biyu su rabu da milimita 50, yadda tarago ba zai goga tarago ba, an ci kusan 45 daga bakin harsunanta, wato siraran ƙarafa biyu masu motsi da ke zaɓa wa jirgi layin da zai bi. Saboda haka 150 da 45 sau biyu sun ba da 240, ba a ma bar komai na sarari ba.

Zane na farko da na biyu

Zanen farko teburi ne a tsakiyar ɗaki mai layi kamar ƙwai. Da rediyos 60, da 7.5 na kariya a kowane gefe don kada jirgi ya faɗo ƙasa, faɗin teburin 135. Wannan bai dami faɗin ɗakin ba, an samu hanya fiye da 95 ta kowane gefe. Tsawon ne ya kashe shi. In an bar 75 a kowane ƙarshe, teburin 270 ne, lanƙwasa biyu sun cinye 135, miƙaƙƙen layi ya rage 135. Jirgin kansa ya fi haka tsawo, balle tasha mai 240. Wani zai ce a tura teburin jikin bango a ƙara masa tsawo. In an yi haka layin baya ya koma fiye da 125 daga inda mutum ke tsaye, kuma a nan ne jirgi zai fi son sauka daga layi.

Zane na biyu ya bi bango uku, da kumburi a kowane ƙarshe inda layi ke juyowa ya dawo. A takarda ya yi kyau. Da aka zana shi da alli a kan daɓe sai aibinsa ya fito: kumburi biyu masu 135 kowanne a ɗaki mai 330 sun bar 60 kacal a tsakaninsu, kuma wannan matsatsin ya faɗo daidai hanyar shigowa daga ƙofa. Kowane kumburi kuma yana manne da bango, matsalar kai hannu ta dawo. Ga shi sashe mai faɗin 135 ba abin da mutum ɗaya zai ɗauka ya sauka bene da shi ba ne. Zana tsari a kan daɓe da girmansa na gaskiya, a jera kwalaye a tsayin da ake so a yi yawo a tsakaninsu, aikin yini ɗaya ne, kuma a wannan lamarin shi ya hana a yanka filawud a banza.

An kuma duba komawa ma'aunin N, kashi 1 cikin 160 mai tazarar milimita 9. A can komai ya kusa rabewa biyu, kuma akwai tsarin T-TRAK mai sassa ƙanana na milimita 308 da ake jerawa a kan teburi. Da sabon shiga ne da wannan ce shawarar. Amma mai ɗakin yana da taragu da kawunan jirgi na HO tun tuni, sai aka bar maganar.

Zane na uku: kanta a jikin bango

Abin da ya rage shi ne siririyar kanta mai bin bangaye, mutum yana tsakiya. Kafin a zana aka sake auna ɗakin, wannan karon a tsayin da shimfiɗar za ta zauna, ba a ƙasa ba. Bangon arewa ya ba da 418, na gabas 328. Bango ba ya miƙewa sak, kusurwar ɗaki kuma da wuya ta zama digiri 90 cif. An cire 1 a kowane gefe don sassa su shiga su fita ba tare da kankare fenti ba, aka rage da 416 da 326.

Tasha ta ɗauki bangon arewa, kuma ita ce za ta je taro, don haka ƙarshenta biyu dole su bi ƙa'idar ƙungiya. An bi tsarin FREMO, ƙungiyar da aka kafa a Jamus a 1981: allon ƙarshe mai faɗin 50, layi ɗaya a tsakiyarsa, saman ƙarfen layi 130 daga daɓe, ana ɗaure sassa da bol na milimita 8 ta cikin ramuka masu milimita 12, sararin ramin shi ke ba da damar gyara daidaito. A Amurka ta Arewa akwai Free-mo, mai allon inci 24 da tsayin inci 50. Ƙa'idojin biyu ba sa shiga juna kai tsaye, don haka wadda mutanen da za a haɗu da su ke bi ita ake bi, kuma a karanta sharuɗɗanta kan irin layi da mararraba kafin a sayi komai.

A nan aka yi rarrabewar da ta sauƙaƙa sauran aikin. Mahaɗa iri biyu ce. Akwai mahaɗar waje, wadda dole ta dace da sashen kowa. Akwai mahaɗar cikin gida, wadda ke haɗa sassa biyu da kullum tare suke tafiya, layuka nawa ne suka tsallaka ta ba ruwan kowa. Tashar sassa biyu ce masu 122 kowanne, amma a idon ƙungiya abu ɗaya ne mai 244 da ƙarshe biyu. Sassan kusurwa kuma ba za su taɓa barin gida ba. Ko an so ma ba za su shiga ba, domin FREMO na son rediyos mita 2 a babban layi, Free-mo inci 42, ɗakin nan kuwa ba shi da wurin ko ɗaya.

Lissafin kusurwa, inda gizo ke saƙar

An cire 244 daga 416, saura 172, wato 86 ga kowace kusurwa. Lissafin farko ya ɗauka duk sassa faɗinsu 50 ne da layi a tsakiya. Da haka kusurwa tana cin 25 da rediyos ɗinta, sai rediyos ya tsaya a 61, ba tare da ko ɗan miƙaƙƙen layi a bakin mahaɗa ba. Ya yi matsi ƙwarai.

Abin da aka rasa gani da farko shi ne cewa tsawon da kusurwa ke ci a bangon arewa bai dogara da nisan layi daga bangon arewa ba. Ya dogara da nisan layin daga bangon gabas, bayan ya gama juyawa. Layi yana tafe gabas, ya lanƙwasa, ya miƙe kudu. Wurin da lanƙwasar za ta fara shi ne rediyos haɗe da tazarar da zai bari tsakaninsa da bangon gabas. Tunda sassan gabas da na yamma na gida ne, babu wanda ya ce layinsu ya zauna a 25. Sai aka mai da su sirara, faɗin 30, layi yana 12 daga bango. Yanzu 86 ta kasu haka: 12 na tazara, 65 na rediyos, 9 na miƙaƙƙen layi kafin mahaɗa. An samu ƙarin 4 a rediyos da 9 na miƙewa ba tare da an taɓa tasha ba.

Ta ɗaya fuskar, kusurwar tana cin 25 da 65 da 9 a bangon gabas, wato 99. Don haka sashen ba murabba'i ba ne, 86 ne a 99. An yanke bakinsa na gaba a karkace, daga inda faɗin 50 ya ƙare zuwa inda faɗin 30 ya fara. Daga wannan baki zuwa layin a tsakiyar lanƙwasa kusan 41 ne, hannu yana kaiwa. Daga bakin zuwa ainihin lungun bango kuwa 94 ne. Ba a sa komai mai bukatar taɓawa a can ba, tudu ne kawai da allon baya da aka lanƙwasa ya rufe lungun. Mutane na sha'awar cusa ɗan layin masana'anta a irin wannan fili don kada ya tafi a banza, kuma shi ne layin da ba a taɓa goge masa ƙura.

Tasha ta rasa tarago ɗaya

Lissafin 240 ya ɗauka harsunan mararraba suna bakin katako. Ba a yin haka. Harsunan su ne mafi rauni a duk layin, bakin sashe kuma shi ne ke shan bugu a ɗauka da saukewa. An ja kowace mararraba 8 ciki. Sai 244 ta rasa 16 da 90, layin ratsewa ya tsaya a 138.

Jirgin 150 bai shiga ba. An iya amfani da mararraba mai lamba 4 a samu wuri, amma dogayen taragu ba sa jin daɗinta. An iya rage rediyos, amma an riga an sha wuya kafin a same shi. Abin da aka zaɓa shi ne rage jirgin: taragun kaya bakwai da kai, 135, ko taragun fasinja uku da kai, 114. Asarar ba ta kai yadda take a ido ba, domin don jirage biyu su gifta juna ɗaya kawai ake bukata ya shige layin ratsewa. Gajeren ya ratse ya tsaya, dogon ya wuce ta babban layi.

Sai tambayar gefen da layin ratsewa zai zauna. Zanen farko ya sa shi ta bayan babban layi, wajen bango. Jirgin da ya taso daga gabas yana juyawa hagu a kusurwa. In mararrabar ta kai shi wajen bango, dama zai juya nan take. Tsakanin juyi biyun 9 da 8 ne kawai, wato 17, tarago kuwa 30. Ƙarshen tarago ɗaya na lilo hagu, na bayansa na lilo dama, maƙalar da ke tsakaninsu ta ja ɗaya daga kan layi, musamman in ana tura jirgin da baya. Ƙa'idar ita ce a bar miƙaƙƙen layi mai tsawon tarago mafi tsawo tsakanin lanƙwasa biyu masu saɓani. Tunda babu wurin, sai aka juyo da layin ratsewa gaba, wajen mutum, inda mararrabar ke ci gaba da juyin da kusurwa ta fara. Babban layi yana 25 daga bango, na ratsewa 30, layin sauke kaya 36, ginin tasha da dandamali a baya. Saura 14 a gaba, ya isa kariya.

Mahaɗar tsakiyar tasha, a 122, layuka uku ne ke tsallaka ta, duka a miƙe kuma a tsaye da bakin katako. Mararrabar layin kaya an ajiye ta tsakanin 60 da 83, nesa da mahaɗar.

Sauran bangaye

Kusurwar kudu maso gabas tana cin 15 da 65 da 9 a bangon gabas, wato 89, domin layin kudu 15 yake daga bango. An cire 99 da 89 daga 326, saura 138. An yi shi sashe ɗaya maimakon 122 da ɗan ciko na 16, domin kowace ƙarin mahaɗa ƙarin wurin matsala ce. Yana gifta taga, kuma faɗinsa na 30 ya bar hannu ya kai mariƙinta.

Bangon kudu shi ne ma'ajiyar jirage, inda suke jira kamar sun tafi wani gari. Daga kusurwa zuwa 5 kafin ƙofa akwai 230, an raba 122 da 108, faɗi 40. Layuka uku ne, tazararsu milimita 60 maimakon 50 don yatsu su shiga tsakani su ɗaga tarago. Mararrabu biyu a jere sun ci 89, mafi gajartar layi ya rage 141. Layi na huɗu zai ci ƙarin 36 ya mai da biyu daga ciki gajeru fiye da jirgi, don haka aka haƙura da shi.

Bangon yamma, bayan kusurwa da 90 da aka bar wa ƙofa in ta buɗe, ya rage 137. Babu wurin mararraba. An yi tire masu cirewa, kowanne 68, daga ƙarfen alminiyam mai kusurwa guda biyu da aka ɗaure a kan katako da tazarar milimita 16.5, ƙarafan su ne layin. Jirgi ya hau tire biyu, a ɗauke, a juya ko a ajiye a kanta. Tire ɗaya mai 135 ya fi sauƙi a zane, amma juya shi a hannu cike da taragu ba tare da zubar da su ba wani aiki ne.

A tsakiyar ɗaki an samu fili 236 a 356. Ba zai ɗauki tsibiri mai juyawar layi ba, wannan na son 145 da hanyoyi biyu na 75. Siririn reshe mai faɗin 40 wanda layinsa ke ƙarewa a ƙarshe zai shiga nan gaba, ya bar 98 ta kowane gefe.

Ginin sassa

Kowane sashe akwati ne marar gindi: saman filawud na milimita 9, gefuna na milimita 12 masu zurfin 10, allunan ƙarshe na milimita 18, da sandunan gicciye uku a ƙarƙashi, tazararsu 30 zuwa 35. Sashe mai 122 a 50 bai wuce kilo 7 zuwa 8 ba kafin a ɗora masa komai. Falle ɗaya na filawud milimita 1220 ne a 2440, kuma zarto yana cin kusan milimita 3, don haka rabinsa 1218 da ɗoriya ne, ba 1220 ba. A ɗakin nan ragin alheri ne. A sashen da ƙa'ida ta yanke masa tsawo kuwa sai an lura.

Allunan ƙarshe biyu da za su fuskanci juna an matse su wuri ɗaya aka huda su tare. A mahaɗan cikin gida an sa turaku na ƙarfe masu shiga rami, guda biyu a kowace mahaɗa, don sassa su koma wurinsu ba tare da lalube ba. A ƙarshen tasha biyu ba a sa ba, domin sashen wani ba shi da ramin da zai karɓe su. Ƙafafu suna da bol a ƙasa mai hawa da sauka 2.5. Wuta tana bin manyan wayoyi biyu masu kaurin murabba'in milimita 2.5 a ƙarƙashi, kowane guntun layi yana da siririyar wayarsa daga gare su, tsakanin sassa kuma fulogi ne. Ba a dogara da ƙananan maƙalan layi su ɗauki wuta ba, suna saki da tsufa.

Abin da ya lalace a haɗin gwaji

Na farko, tasha ta ƙi kwanciya jikin bango, ƙarshenta na yamma ya bar shi da kusan 2. Allon ƙarshen kusurwar gabas ne ya karkace da rabin digiri. Ido ba ya ganin rabin digiri a allo mai 50, amma a tsawon 244 ya zama 2.1. An kwance allon, aka sake ɗaure shi ana auna tsawon gicciye daga lungu zuwa lungu ta fuska biyu har suka zo ɗaya. Ƙaramar sikwaya ba ta isa wannan aiki ba.

Na biyu, kan jirgi yana tsalle a mahaɗar kusurwa da sashen gabas. Layin da ake lanƙwasawa da hannu yana son komawa miƙe, kuma a nan an yanke shi kafin a kafe shi, ƙarafan suka ɗan buɗe waje suka yi gwiwa. Tsarin da ya dace shi ne a ɗaure sassan biyu tam, a shimfiɗa layi ɗaya ya tsallaka mahaɗar, a cire 'yan katakan roba na ƙarƙashinsa a wurin, a dasa sukurun tagulla huɗu, biyu a kowane gefe, a liƙa ƙarafan a kawunansu da dalma, sannan a yanka da siririn zarto. Bayan yanka a ɗan goge gefen ciki na kowane baki da fayil don kada ya kama leɓen ƙafar tarago.

Na uku, taragu suna gangarawa da kansu a ma'ajiya. Daɓen ya sauka milimita 14 daga gabas zuwa yamma, an kuma yanke ƙafafu tsawo ɗaya aka ɗauka shi ke nan. An gyara da bol ɗin ƙafafu, ana ɗora ma'aunin lebur a kan ƙarfen layi, ba a kan katako ba.

Na huɗu ya ɗauki makonni kafin ya bayyana. Layin da ke gaban taga ya yi doro gefe ɗaya. An liƙe shi da dalma a ƙarshe biyu ba a bar masa wurin numfashi ba. Ƙarfen layi mai 138 in zafinsa ya ƙaru da digiri 20 yana miƙewa kusan rabin milimita, katakon da rana ke busarwa kuma yana ɗan tsukewa. Rabin milimita da ya rasa inda za shi yana iya tura layi gefe da milimita da dama. An yanka kowane ƙarfe a tsakiya, aka bar gibin rabin milimita da maƙala mai zamewa, kowane rabi da wayarsa, aka kuma sa labule.

Na biyar sakaci ne tsantsa: injin da ke motsa harsunan mararrabar layin kaya ya faɗo daidai kan sandar gicciye, sai da aka yanke ta aka matsar. Da an zana layuka da girmansu a kan saman katakon kafin a kafa sandunan, da ba a yi wannan ba.

Maganar kewaye

Saura buƙata ta uku. Layin yamma yana ƙarewa 90 daga bangon kudu, layin farko na ma'ajiya yana ƙarewa 100 daga bangon yamma. Gada mai cirewa, mai lanƙwasar rediyos 75 da ɗan miƙaƙƙen layi na 13, za ta haɗa su daidai, kuma tunda da'ira ce kawai ba juyowa kan layi ɗaya ba, wayoyin wuta ba za su yi karo ba. Lissafi ya yarda. Ƙofa ce ba ta yarda ba: gadar tana cikin filin da take buɗewa. Wanda ya turo daga waje zai bugi gadar da jirgin da ke kanta, wanda ke ciki kuma ba zai fita da sauri ba in bukata ta taso.

An gina ƙarshen biyu a shirye, da sukurun tagulla da ramukan turaku, amma ba a gina gadar ba. Sharaɗin gina ta shi ne a mai da ƙofar mai buɗewa waje ko mai zamewa, a kuma sa makunni a mazaunin gadar wanda zai yanke wuta daga 40 na ƙarshen layi ta kowane gefe da zarar an ɗaga ta, don kada jirgi ya taho ya tarar da sarari. Kafin nan jirage suna tashi daga ma'ajiyar kudu, su bi ta gaban taga, su gifta juna a tasha, su ƙare a tiren yamma, tafiyar kusan mita 11. Sassan tasha biyu kuma in za su taro ana fuskantar da su juna, a ɗaure su da alluna biyu ta ramukan bol ɗin ƙarshe, su zama akwati ɗaya mai 122 a 50, tsayinsa wajen 45, wanda ke fita ta ƙofar 80 a hannun mutum biyu.